Ƙofar firij, fanka da randa: wa ya ci musun?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya kaure a majalisarmu tun shigowar bazara, an kasa raba shi. Telan unguwarmu ya ce ya gano dabara: ya wangale ƙofar firij ya kafa fanka a gabanta, ɗaki ya koma kamar mai AC, kuma ya rantse ya gwada ya ji sanyi. Wani direba ya ce wannan ɓarnar wuta ce, shi fankar sama yake bari tana juyi tun safe a rufaffen ɗaki don ya dawo da dare ya tarar ya huce. Mai shayinmu kuma ya ce duk boko ne ya ruɗe su, ga randar kakarsa nan ba waya ba mita amma ruwanta har haƙori yake kamawa, don ita ƙasa da sanyinta aka halicce ta. An yi alkawari wanda aka kayar zai sayo wa majalisa balangu. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Batun halaccin balangun ku kai wa malamai, ni fagena bututu ne da gas. Sama da shekara 20 ke nan ina gyaran firij da AC, ina kuma koya wa yara sana'ar. Tunda hukunci kuke nema, ga shi tun farko don kada ku ƙosa. Direba ya faɗi warwas. Tela ma ya faɗi, sai dai faɗuwarsa mai daraja ce, don taku ɗaya ya rage masa ya ƙirƙiro abin da wasu suka riga shi ƙirƙira. Mai shayi kuwa ya yi gaskiya a kan ruwan, ya yi kuskure a kan dalilin.

Abin da ya rikita su su ukun kalma ɗaya ce, sanyi. Muna cewa sanyi ya shigo, sanyi ya kama ni, firij na ba da sanyi, sai ka ɗauka wani abu ne da ake ɗebowa a kwano. To babu wata na'ura a duniya da ke ƙera sanyi. Zafi ne abin da ke akwai, sanyi kuwa sunan da muke ba wa wurin da zafi ya ragu ne, kamar yadda duhu yake sunan wurin da haske ya bari. Ba wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya sayo fitilar duhu. Zafi kuma ba ya mutuwa, ƙaura kawai yake yi. Saboda haka duk sanda wani ya ce maka ya sanyaya wani abu, ka tambaye shi: ina ka kai zafin? Duk yaron da aka kawo mini shago da wannan tambayar nake fara shi, kafin ma in bar shi ya taɓa sifana.

Mu fara da tela, don nasa ya fi daɗi. A ce masa gobe idan an kawo wuta ya bari firijin ya yi rabin awa yana aiki, sannan ya zura hannu ta bayansa, inda baƙar ragar ƙarfen nan take. In sabon yayi ne marar raga, ya dafa gefen jikinsa. Zai ji ɗumi, wani lokacin har da zafi. Wannan ɗumin shi ne zafin da aka zare daga jikin zoɓo da kunun aya da ruwan ledar da ke ciki. Bai ɓace ba, ta ƙofar baya aka fito da shi aka ajiye masa a ɗaki.

Ga yadda abin ke gudana. A cikin bututun firij akwai wani ruwa da mu masu gyara muke ce wa gas, wanda ba ya jiran murhu kafin ya tafasa. Wanda aka fi sa wa sababbin firij na gida yanzu, R600a, yana tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. R134a da ya gabace shi kuwa a wajen 26 ƙasa da sifili. Kowane irin ruwa, in zai tafasa ya zama tururi sai ya ci zafi. Ruwan tuwo daga itace yake samun nasa, shi kuma wannan daga kayan da ke cikin firij yake ƙwatar nasa. Da ya zama tururi sai kwamfiresa, baƙar tukunyar nan mai gurnani a ƙasan firij, ta zuƙe shi ta matse shi. Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska ya san bakin famfo yana ɗaukar zafi, to haka matsi ke yi. Tururin ya zama ya fi iskar ɗaki zafi, ya bi ragar baya ya sauke kayansa, ya koma ruwa, ya kurɗa ta wani siririn bututu mai kaurin tsinken tsintsiya, matsi ya sake shi, ya sake tafasa a ciki. Haka yake ta zagaye shekara da shekaru.

Bari in ɗan kauce a nan. Maganar da ake yi wai gas ya ƙare ba daidai ba ce. Gas ɗin firij ba fetur ba ne da ake ƙonawa. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma duk mai gyaran da ya ɗura maka sabo bai nemi hujin ya toshe ba, ya shirya sake ganinka ne nan da wata biyu. Yawancin hujin da ake kawo mini kuwa aikin wuƙa ne, an ƙosa ƙanƙara ta narke an sa tsini ana ɓamɓara.

Firij ɗan dako ne. Zafi da kansa gangara yake bi, daga abu mai zafi zuwa mai sanyi, ba ya hawa tudu sai an ɗauke shi a ka. Wani Bajamushe, Rudolf Clausius, shi ya tsara wannan ƙa'ida a 1850, kuma har yau ba a ga na'urar da ta karya ta ba. Wanda zai ɗauki kaya ya hau tudu kuwa sai an biya shi lada, kuma sai ya yi gumi. Ladan ita ce wutar da mita ke ci. Gumin kuma ita dai wannan wutar ce, bayan ta gama aiki ta koma zafi. A ce firij yana jan wat 100, yana zare wat 200 na zafi daga cikinsa. Abin da zai fito ta baya wat 300 ne: 200 ɗin da ya ɗauko, da 100 na guminsa. Da tela ya wangale ƙofa, ciki da waje sun zama ɗaki ɗaya. Ta gaba ana zare 200, ta baya ana zuba 300. Ribarsa ƙarin wat 100 ne na zafi, ba dare ba rana. Jikin babban mutum da ke zaune kusan wat 100 ɗin nan yake fitarwa. Wato tela ya yi wa kansa baƙo ne ana tsakiyar bazara, baƙon da ba ya hira, ba ya tafiya, kuma shi ke cinye yunit.

Amma kada ku ce ya rantse a kan ƙarya. Ya ji sanyi, tabbas. Wanda ya tsaya a gaban firij iskar gaba ce ke dukansa, ta baya kuwa tana bin bango ta hau sama, sai daga baya ta gauraye ɗakin. Sannan ƙanƙara da robobin ruwan da ke ciki tun jiya suka yi sanyi, za su yi ta shan zafin ɗaki har su huce. Sai dai zafin da aka zare daga jikinsu jiya, a wannan ɗakin aka zubar da shi. Kuɗinsa ne da aka karɓa jiya aka dawo masa da wani abu a ciki yau, yana ta godiya.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi: iska ba ta da wuyar sanyayawa, bango ne mai taurin kai. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, duk iskar da ke cikinsa ba ta wuce nauyin kilo 55 ba, buhun siminti ɗaya da 'yan kai. Bangon bulo da daɓen da suka kewaye ta kuwa ton-ton ne, kuma zafin da suke riƙewa ya ninka na iskar sama da sau 100. Sun yini suna shan rana. Ka sanyaya iskar na ɗan lokaci, bango ya mayar da ita yadda take cikin 'yan mintoci. Ga rufi kuma. Da tsakar rana kowane murabba'in mita yana karɓar kusan wat 1,000 daga rana, wato wat 16,000 a kan kwanon wannan ɗakin. Ko kashi ɗaya cikin goma ne ya ratso, an sami wat 1,600. Firij mai zare 200 a gaban wannan, kamar mai kwashe ruwan marka ne da ludayi.

Shi kansa firijin wahala zai sha. An yi shi ne ya yi aiki ya huta, in sanyi ya kai inda aka saita ya kashe kansa. Da ƙofa a buɗe ba zai taɓa kaiwa ba, kwamfiresa za ta yi ta gurnani ba hutu, danshin ɗaki ya daskare a jikin bututun ciki, abinci ya lalace. Ƙarshenta wurin irinmu za a kawo shi, ni kuma ba zan ƙi karɓar kuɗin ba.

Yanzu ga takun da na ce ya rage masa. Da tela zai fasa bango, ya tura bayan firijin waje, gabansa na kallon ɗaki, ya toshe kewayen, da ya ci musun nan. Zafin ya sami inda za shi. Wannan shi ne AC, babu ragi babu ƙari. Tsohon yayin nan da ake cusawa a taga haka yake, rabi ciki rabi waje, na yanzu kuma an raba shi gida biyu ne, aka rataye mai gumin a waje. Shi ya sa in ka bi ta bayan banki ko otal kake jin iska mai zafi na dukan fuskarka: zafin ofishin manaja ne ake juye maka. Bambancin da ya rage na ƙarfi ne. AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana zare kusan wat 3,500, wato sai tela ya jera firij 17 ko fiye a bangonsa kafin ya kamo shi, in mai gidan haya ya yarda. Abin dariya ma, ba don jin daɗin mutane aka fara yin AC ba. A 1902 Willis Carrier ya haɗa nasa ne don wata maɗaba'a a birnin New York, inda danshin iska ke sa takarda ta kumbura launuka su ƙi hawa daidai. Danshi ya je cirewa, sanyi ya biyo baya. Ruwan da kuke gani yana ɗiga daga jikin AC shi ne wannan danshin.

Direba kuwa, nasa ba ya buƙatar dogon zance. Ina fankarsa ta kai zafin? Babu inda ta kai shi. Ƙofa a rufe, taga a rufe, iska ɗaya take ta juyawa kamar mai dama fura. A shekarun 1840 James Joule a Ingila ya sa filafilai suna juyi a cikin ruwa, ya auna ya ga ruwan ya ƙara ɗumi daidai gwargwadon aikin da aka yi. Fankar sama haka take wa iska. Tana jan wat 60 zuwa 75, kuma duk abin da ta ja a ɗakin yake ƙarewa a matsayin zafi. Ya taɓa kan fankar bayan ta yini tana aiki ya ji. In ɗakin nasa kwano ne babu silin, abin ya fi muni, don zafin da ya taru a sama take turowa ƙasa. Dalilin da yake tarar da ɗaki ya huce da dare kuwa, dare ne ya yi. Ko ya kashe fankar rana za ta faɗi.

Fanka mutum take sanyayawa, ba ɗaki ba, don haka in babu kowa a ciki aikin banza take. Jiki magayi ne, gaskiya, amma abin da yake gaya maka shi ne saurin fitar zafi daga fatarka, ba ma'aunin ɗaki ba. Shi ya sa tayil ya fi tabarma sanyi a tafin ƙafa alhali a ɗaki ɗaya suka kwana: tayil ya fi saurin jan zafi. Fanka tana share ɗumammiyar iskar da ta lulluɓe fata, tana kuma busar da gumi. Sai dai fatar mutum tana wajen digiri 33 zuwa 35 ne. In iska ta fi haka zafi, kamar yadda take yi a Sakkwato da Maiduguri da Zinder a watan Afrilu inda ake haura 40, to fanka zafi take kawo maka, gumin da take busarwa ne kaɗai ke ceton ka. Masu bincike a Jami'ar Sidni da ke Ostareliya sun wallafa wani gwaji a 2019: a digiri 40 da danshi kashi 50 cikin 100 fanka ta taimaka, amma a digiri 47 da danshi kashi 10 ta ƙara wa mutane zafin jiki da wahalar zuciya. Irin na biyun ya fi kama da bazararmu. Don haka a irin wannan rana, musamman ga tsofaffi da ba sa gumi sosai, a jiƙa riga ko zane kafin a zauna gaban fanka, a kuma yi ta shan ruwa.

Hanya ɗaya ce direba zai fanshi kansa. Can cikin dare, idan iskar waje ta fi ta ɗaki sanyi, ya ɗauki fankar ƙasa ya kafa ta a bakin taga, ya buɗe ƙofa ko wata tagar da ke fuskantarta. A nan fanka ta zama mai kora, tana fitar da zafin da bango ke amayarwa. Iyayenmu da ke fitar da tabarma tsakar gida a bazara sun san ɗaki ya fi waje zafi da dare, tun ba a kawo fanka ba.

Sai mai shayi, wanda na fi jin daɗin maganarsa ko da yake dole in gyara masa. Ƙasa ba ta da wani sanyi nata na halitta. Ya ɗauki busasshiyar randa, babu ruwa a ciki, ya ajiye a inuwa yini guda, zai tarar zafinta ɗaya da na turmin da ke gefenta. Ya bar kasko a rana ya ɗauka da hannu in zai iya. Asirin randa shi ne tana gumi. Yumɓun da aka gasa ba a shafe shi da komai ba yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu ya jiƙa bayanta, iska ta ɗauke shi. Kuma mun riga mun ce ruwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi, ko da bai tafasa ba. Daga ina zai ci? Daga jikin randar da ruwan da ya bari a ciki. Ina zafin ya tafi? Ya bi iska. Cikin su ukun, kakar mai shayi ce kaɗai ke da amsar tambayata.

Lissafin yana da ban mamaki. Kafin ka rage wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya sai ka zare kilojul 4.2 na zafi (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Amma lita ɗaya in ta bushe ta bi iska, kusan kilojul 2,400 take tafiya da shi. Randa mai lita 20 da ake so ta sauko da digiri 10 tana buƙatar a zare kilojul 840, wato bushewar kashi ɗaya cikin uku na lita, abin da bai kai ledar ruwa ɗaya ba. Ɗan abin da ya tafi ya sanyaya duk wanda ya zauna. Daga nan za ka gane duk dabarun tsofaffi: a ajiye randa a inuwa inda iska ke ratsawa, a dasa gindinta a jiƙaƙƙen yashi, a riƙa goge bayanta. Za ka gane dalilin da sabuwa ta fi tsohuwar da ƙofofinta suka toshe, da dalilin da wadda aka yi wa fenti don ado ta koma bokiti. Salkar matafiya ma haka take aiki, da buhun algararar da ake jiƙawa a naɗe jarka da shi.

Duk wanda aka taɓa goga wa sifirit kafin allura ya ji wannan a fatarsa. A 1758 wasu masana biyu, Benjamin Franklin da John Hadley, sun gwada shi a Kambirij ta Ingila: suka riƙa jiƙa ƙasan ma'aunin zafi da wani ruwa mai saurin bushewa suna hura masa iska da zugazugi, har ya sauka wajen digiri 14 ƙasa da sifili, ƙanƙara ta kama jikinsa. Ka ga ke nan randa da firij 'yan uwa ne na jini. Firij randa ce da ba ta barin tururinta ya tsere, tana kama shi ta matse ta mayar da shi ruwa ta sake amfani da shi. Mai shayi da tela sun yi mako biyu suna musu a kan uwa da ɗanta.

Sai dai randa tana da iyaka, kuma iska ce ke yanke mata. Busasshiyar iska mai ƙishirwa ce, jiƙaƙƙiya kuwa ta ƙoshi. A ranar da zafi ya kai digiri 40, danshi kashi 15, mafi ƙarancin inda bushewar ruwa za ta iya kai ka shi ne wajen digiri 20 zuwa 21, randa kuma takan tsaya ɗan sama da haka. A cikin marka, zafi 30, danshi kashi 80, iyakarta wajen 27 ne, digiri 3 kacal. Ku tambayi mai shayi tsakani da Allah ko ruwan randar na kama haƙori a watan Agusta. A hunturu dai na yarda, don ga sanyin safiya ga bushewa, ruwa na iya sauka ƙasa da digiri 10. Wannan ne kuma ya sa akwatin nan mai fanka da ake zuba wa ruwa, wanda 'yan kasuwa ke tallarsa da sunan ƙaramin AC, yake aiki a Kano a watan Maris ya kasa a Legas. Randa ce da aka sa wa waya. In ka rufe ɗaki ruf da shi, tururin ya rasa mafita, iska ta ƙoshi, gumi ya daina bushewa, ka koma kana naso kamar goro a huhu. Shi taga yake so a buɗe, akasin AC.

Mai shayi zai so ya ji cewa wani ɗan arewa ya ci kyautar duniya da ilimin kakarsa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa a Dutse, wanda ya taso a gidan maginan tukwane, ya ɗauki tukunya ya sa a cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin na bushewa ta jikin ta waje, kayan miya na zaune a bushe cikin ta ciki. A 2000 aka ba shi kyautar Rolex a kan wannan. Bisa bayanin da aka fitar a lokacin, yalon da ke lalacewa a kwana 3 yana kai kwana 27 a ciki, tumatir da barkono su yi mako uku. Abin da ya fi burge ni shi ne dalilinsa: manomin da kayansa ba sa jira dole ya sayar a kowane farashi, dole kuma a ɗora wa yarinya talla maimakon makaranta. Bai ƙirƙiro ƙa'idar ba, ya dai ga inda za ta yi amfani. Dabarar ta kai har Sudan, inda ake kiran tukunyar zir. Amma kada kowa ya ce ta maye firij. Firij yana riƙe abinci a wajen digiri 4, allurar rigakafi tana buƙatar 2 zuwa 8, tukunya kuwa a bazara ba za ta sauko nan ba. Ɗanyen nama da madara ba nata ba ne.

Na san a majalisa ba za a rasa wanda zai ce to a ajiye ƙanƙara a gaban fanka ba, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi. Wannan ya danganta da inda aka yi ƙanƙarar. In a firizar da ke cikin ɗakin aka yi ta, an koma gidan tela, ba cinya ba ƙafar baya. In sayo ta aka yi, to sanyi ne na gaske, don an bar zafin a shagon mai sayarwa. Sai dai ɗan kaɗan ne. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan kilojul 334 kafin ya narke, da wani 126 kafin ruwan ya kai digiri 30. Kilo biyu ke nan kilojul 920, abin da AC ɗin can ke zarewa cikin minti huɗu da rabi. Asara ce ka ba wa bango ita. Ka naɗe ta a tawul ka ɗora a wuya, ko ka jefa a ruwan sha, ta yi aiki a jikin da ke buƙata. Ku kuma lura da yadda masu sayar da ita ke lulluɓe ta da buhu da bargo. Da bargo yana ba da ɗumi da ta narke nan take. Bargo shinge ne kawai, a hunturu ya hana zafinka fita, a nan ya hana na waje shiga.

Tunda gani ya kori ji, ku haɗa kuɗi ku sayi ma'aunin zafi na bango, ba irin na asibiti ba. Ku rataye shi a gaban fanka minti goma, za ku ga bai motsa ba, direba ya shaida da idonsa. Sannan ku naɗa jiƙaƙƙiyar auduga a ƙasansa ku mayar da shi gaban fankar, ku ga yadda zai gangaro. Ku rubuta lambar, ku ajiye takardar a wurin mai shayi, ku sake gwadawa a tsakiyar damina. Na tela kuwa a ɗakinsa za a yi: a rufe ƙofa da taga, a rataye ma'aunin a lungun da ya fi nisa da firij, a duba, a wangale firijin, kowa ya fita, a dawo bayan awa uku. A yi shi da dare, don kada ya ce rana ce ta yi masa maguɗi. Ya dai fara kwashe zoɓon sayarwar uwargida ya kai maƙwabta, in ba haka ba musun da zai tarar a gida ya fi na majalisa.